Numfashin Yaya

Litinin, 10:20 na safe

Dutse na farko ya shigo ta tagar ɗakin jira, na biyu ya sami tankin ruwa. Ban ga ko ɗaya ba. Ina ɗakina na can ƙurya inda babu taga, amma layin da ke kan kwamfuta ya yi tsalle sau biyu, saitin hasken ya kwance, na san an fara. Na'urar nan tana jin faɗuwar dutse kafin kunnena ya ji.

Na zauna na sake saita ta, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Mutanen masana'antar katifa ne. Yau kwana tara suna zaune a bakin ƙofar asibitinmu, tun ranar da aka binne mutum na biyu a cikinsu. Bayan hayaƙin sinadari ya ɓalle a sashen zubin soso, kamfani ya turo mana su sittin da ɗaya a duba ƙirjinsu. Kowa ya hura numfashi a leda, ni na sa a na'ura, ni na fitar da sakamako, Likita ya sa hannu. Arba'in da uku muka ce lafiyarsu lau, su koma aiki. Biyun da aka binne suna cikin arba'in da ukun. Yanzu cewa suke kamfani ya saye mu. Wallahi ko ruwan sanyi kamfani bai ba ni ba, amma wa zai tsaya jin rantsuwata yana riƙe da rabin bulo?

Yaya ne ya kawo ni kamar kullum. Ya ratsa tsakiyarsu da babur kamar zai shiga gidansu. Ya ce, "Auta, duk wanda ya taɓa ki sai dai uwarsa ta haifi wani." Na ce ya rage murya. Ya ƙara.

Litinin, 4:00 na yamma

Kwamitin bincike sun ce in rubuta musu yadda na'urar take aiki, wai da harshen da kowa zai gane. To ga shi, in ma za su karanta.

Madubai biyu ne suke kallon juna a cikin bututun ƙarfe, tsawonsa bai kai hannuna ba. Hasken lesa, wani siririn haske kamar zare, yana kai-kawo tsakaninsu sau dubbai kafin ya fita. In aka tura numfashin mutum ta tsakiya, abin da huhu mai kumburi yake fitarwa sai ya shanye ɗan haske, mu kuma mu auna abin da ya ragu. Matsalar ita ce abin da muke nema ɗan mitsitsi ne, shi kuwa haske yana da wata rawar jiki tasa da ba a raba shi da ita. Shi ya sa muke bi da shi ta cikin wani ɗan kiristal, dutse mai kama da gilashi, mu matse shi. Rawar ba ta ɓacewa, ture ta ake yi zuwa ɓangaren da ba ma aunawa, namu ɓangaren ya yi tsit. Shi ake kira matsattsen haske. Ba ya son ƙura, ba ya son shatin yatsa, ba ya son a buga ƙofa. Yaya cewa yake ko uwar miji ba ta kai shi fitina ba.

Layi ɗaya na tsallake, na yadda ake saita sifili da safe. Na bar gurbinsa.

Talata, 8:50 na safe

Yaya ya hura ledarsa a ƙofar baya, ya miƙo mini yana cewa, "Ga lafiya nan kyauta, a raba wa mabuƙata." Kullum maganar kenan, kullum kuma shi kaɗai yake dariyarta.

Bari in rubuta a nan tunda ba zan rubuta wa kwamiti ba. Kowace safiya sai an nuna wa na'ura mene ne lafiya kafin ta auna kowa. A ƙa'ida da iskar wata silinda ta musamman ake yi. Tamu ta ƙare wata huɗu da suka wuce, sabuwa ta maƙale a hanya, ga marasa lafiya a layi. Likita ya ce, "Malama, nemo babban mutum lafiyayye wanda ba ya shan taba, mu lallaɓa da shi kafin ta iso." Ban yi dogon tunani ba. Wa ya kai Yaya? Malamin motsa jiki ne a sakandare, shekararsa arba'in da huɗu, bai taɓa kwana a asibiti ba, yana hawa benenmu hawa huɗu da buhun hatsin tantabarunsa a kafaɗa. Shi ya hura, ni in danna maɓalli, na'ura ta ɗauka wannan shi ne sifili. A takarda kuma in rubuta "silinda", don babu gurbin rubuta "yayana".

Kowa yana irin wannan dabarar. Ba ita ta kashe kowa ba.

Laraba, 1:15 na rana

Sun kama Likita a wurin ajiye motoci.

Ihun nas-nas na ji na fito. Kafin in kai baranda sun kai shi ƙasa. Akwai wani dogon mutum a cikinsu, Dogo ma suke ce masa, ƙanin wanda aka fara binnewa. Shi ya ɗago Likita da kwalar riga ya sa kansa tsakanin ƙofar mota da jikinta ya rufe. Ya buɗe ya sake rufewa. Na ji ƙarar daga sama. Wani ya taka tabaransa, wani yana dukan ƙafarsa da sifana yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai sauke kaya. Farar rigar ta koma wani abu dabam. Ni kuwa ina tsaye riƙe da ƙarfen baranda, bakina a buɗe, ko "kai" ban ce ba.

Sai 'yan sanda suka zo suka harba barkonon tsohuwa. A asibitin ƙirji! A kan mutanen da ƙirjinsu ne ya kawo su! Na ga manyan maza sun durƙusa suna kakari, wani yana dukan ƙasa da tafin hannu yana neman iska, ɗan sanda yana bin bayansa da kulki. Wanda ya daki Likita da sifana shi ma yana kwance gefensa, su biyun suna aman abu ɗaya.

Na koma ɗakina na toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada hayaƙin ya taɓa madubai. Wannan ne abin da na yi. In an tambaye ni ranar tsayuwa, wannan ne.

Alhamis

Ban je ba. Na ce wa Yaya ciwon kai.

Juma'a, 11:30 na safe

Silinda ta iso. Wata huɗu ana jira, sai yau, a bayan motar da aka fasa wa gilashi a bakin get.

Na saita sifili da ita kamar yadda littafi ya ce. Ledar Yaya tana kan tebur, don ya riga ya hura kafin mu san ta zo. Har na ɗauka zan jefa a kwandon shara, sai na ce bari in sa ta a matsayin mara lafiya, in kai masa takarda mu yi dariya.

Layin ya tashi ya shige ja.

Na ce ƙura ce. Na sa safar hannu na goge madubi na gaba, na goge na baya. Na duba zafin kiristal. Na duba matsin hasken, yana nan daram, bai taɓa yin kyau irin na yau ba. Na sake sa ledar. Ja. Na hura tawa, ta kwanta a ƙasa abinta. Na kira mai shara ta hura, ita ma ta kwanta. Na matse ragowar ta Yaya har leda ta manne.

Ba madubi ba ne.

Juma'a, 3:00 na rana

Ba madubi ba ne. Ba kiristal ba ne.

Asabar, 9:00 na safe

Tunda ba wanda zai karanta, bari in faɗa dalla-dalla kamar ina koya wa ɗaliba.

Huhun Yaya yana da kumburi. Ban san tun yaushe ba. Ni kuma kowace safiya ina gaya wa na'ura cewa wannan kumburin shi ne lafiya. Saboda haka duk wanda nasa bai wuce na Yaya ba, sai ta ce lafiyarsa lau. Ba ta yi ƙarya ba, baiwar Allah. Abin da aka koya mata ta faɗa.

Jiya kafin in tashi na ɗauko tsoffin awon mutanen nan daga kwamfuta na sake lissafi da sifilin gaskiya. Cikin arba'in da uku, ashirin da tara sun shiga ja. Biyun da aka binne ma suna ciki, ban sa su a lissafin ba. Na buga sunayen a takarda ɗaya, na ninke, tana cikin jakata ƙarƙashin sallaya.

Wata huɗu na'ura tana nuna mini ciwon ɗan'uwana ƙarfe takwas da rabi, ni kuma ina danna maɓalli ina shafe shi.

Lahadi, 5:30 na yamma

Na bi Yaya a bene da gangan, ina baya. A hawa na uku ya tsaya ya ciro waya ya kara a kunne. "Hello, eh, ina jin ka." Fuskar wayar baƙa ƙirin, ba wanda ya kira. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Sau nawa na wuce shi a wannan wurin ina ce masa mai jama'a?

A saman rufi ya shiga ɗakin tantabaru da tsintsiya. Sun haura sittin, shekara ashirin yana tare da su, kowace da sunanta. Yana shara, farin garin jikinsu yana tashi yana sauka a gashin idonsa. Mun karanta wannan ciwon a makaranta, ciwon masu kiwon tsuntsaye. Har na ci tambayarsa a jarrabawa.

Na ce, "Yaya, mu je a ɗauki hoton ƙirjinka."

Ya ce, "In hoto kike so ga fuskata nan, ta fi ƙirjin kyau."

"Ba wasa nake ba."

"To ni da nake raba muku lafiya kullum? Ko ta ƙare ne ba ku gaya mini ba?"

Na sauko na bar shi. A kicin na tsare Anti, matarsa. Ta juya baya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ta ce, "Ya fi shekara. Duk ranar da ya share ɗakin tsuntsayen nan sai zazzaɓi ya rufe shi. Ya hana ni gaya miki, wai za ki tada hankalin gida da bokonki." Na ce mata ita wace irin mace ce. Na faɗi abin da ya fi haka. Ta ce, "Ke da kike auna shi kullum ba ki gani ba, ni zan gani?"

Ba ta san abin da ta faɗa ba. Na fita.

Litinin, 2:00 na rana

Na je duba Likita. An ɗaure masa muƙamuƙi, magana ta haƙora take fita. Na gaya masa komai a tsaye.

Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da kai."

"To ya tsaya haka, Malama, sai ƙura ta lafa."

"Ashirin da tara fa, Likita? Suna zaune a rana suna zaton lafiyarsu ƙalau. Kowane kwana huhunsu ƙara lalacewa yake."

Ya nuna fuskarsa da yatsa. "Wannan don na sa hannu ne kawai. In suka ji numfashin yayanki ne, kina jin za su tsaya tambayar wa ya zaɓe shi? Kullum yana ratsa su yana zaginsu. Za su ce da shi aka haɗa baki."

Ya juya wa bango fuska. Na so in tofa masa yawu, wallahi na so, shi da ya ce a lallaɓa. Sai na tuna shi cewa ya yi a nemo lafiyayye. Ni na nemo, ni na danna.

In na yi magana sun kashe Yaya. In na yi shiru, su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana bin su a hankali. Na juya ta ko'ina, haka take.

Talata

An binne na uku.

Laraba, 12:10 na rana

Matarsa ta shigo ta ƙofar baya, ban san yadda ta wuce mai gadi ba. 'Yar siririya, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce, "Ke ce mai na'urar?" Na ce ni ce.

Ta buɗe takardar ta ɗora a kan teburina. Takardarmu ce, da hatiminmu. Ta ce ranar da ya kawo ta gida ya karanta wa yara da ƙarfi, ya ce su daina kallonsa kamar gawa, ga boko ya ce lafiyarsa lau. Ta ce ita ta ce ya zauna, shi ya ce takarda ta fi ta sani.

Ban ga tashin hannunta ba. Marin farko ya same ni a kunne. Ta fizge ɗankwalina ta naɗe gashina a hannu ta buga goshina da gefen tebur, layin kwamfuta ya yi tsalle, na gan shi da ido ɗaya. Ta dunƙule takardar tana cusa mini a baki tana cewa, "Ci! Ci lafiyar! Ci!" Farcenta ya yaga mini leɓe. Na ji ɗanɗanon tawada da jini.

Na fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ban ɗaga hannu ba. Sunayen suna cikin jaka, taku biyu daga ƙafarta, ban buɗe baki ba ko da ta cire takardar. Nas biyu suka janye ta tana ihu.

Na ji daɗin dukan. Allah ya yafe mini, shi ne abu na farko da ya yi mini daidai a mako biyu.

Alhamis, 7:00 na safe

Yaya ya ga fuskata. Ya ɗauki hutu a makaranta. Ya ce daga yau a ƙofar ɗakina zai riƙa zama.

Juma'a, 6:00 na yamma



Wajen sha ɗaya suka ɓalle get. Na ji su tun daga ɗakin jira, kujeru suna karyewa, wani yana ihun a nuna masa inda akwatin ƙaryar yake. Yaya ya tashi ya cika ƙofa. Ya ce, "Auta, shige ƙarƙashin tebur." Ban shiga ba.

Na farko ya zo da katako, Yaya ya kama katakon ya sa masa gwiwa a ciki. Na biyu ya samu kujerar ƙarfe a fuska, na ga haƙori ya yi tsalle a kan tayil. Yaya yana dariya, wallahi dariya yake, yana cewa, "Saura wa? Ku zo, aji bai tashi ba!" Ya karya wa wani hannu, na ji ƙas. Minti biyu aka yi haka, ko uku.

Sai kawai ya tsaya. Ba wanda ya taɓa shi. Ya dafa bango, ya zame ya zauna, bakinsa a buɗe kamar kifin da aka jefo kan tudu. Leɓensa ya yi shuɗi. Suka tsallake shi kamar buhu.

Dogo ne ya sa wa na'urar guduma. Shekara shida ina lallashin madubin nan, ban taɓa numfashi kusa da su babu takunkumi ba. Bugu ɗaya. Suka tuge bututun, suka taka kiristal, suka jefo kwamfuta ta baranda. Wani ya ɗaga silindar, sabuwar, ya maka a kan tebur. Ban ji komai ba. Ina durƙushe ina riƙe da kan Yaya ina cewa ja a hankali, ja a hankali, shi kuma yana ƙoƙarin ture ni don kada su ga an riƙe shi.

Asabar, 10:00 na safe

Na gaya masa.

Anti ta fita sayen magani. Yana kwance a doguwar kujera da filo uku. Na zauna a ƙasa na fara daga silinda har zuwa ashirin da tara. Ban tsallake komai ba. Bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Da na gama ya ce, "Wato mutanen nan uku, numfashina ne?"

"A'a Yaya, ni ce. Ni na zaɓe ka, ni na danna."

"Na tambaye ki, numfashina ne?"

Ya ɗauki kofin shayin da ke gefensa ya jefa bango, ya wuce ta saman kaina. Ya ce, "Ni da nake tsayawa a bene ina ƙaryar waya. Kullum in miƙo miki leda ina washe baki." Ya ce tun yaushe na sani. Na ce kwana takwas. Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba. "Kwana takwas kina da sunayensu a jaka, kika bar ni jiya ina karya musu hannu?"

Na ce tsoro nake kada su kashe shi. Ya ce, "Fita, Auta."

Lahadi, 6:15 na yamma

Da safe ya hau rufi, ya yi hutu huɗu a hanya. Ya buɗe ƙofofin ɗakin tantabaru ya kore su da sanda. Suka tashi suka yi kewaye biyu. Kafin la'asar duk sun dawo sun jeru a kan katanga suna jiran hatsi. Shi ya koya musu dawowa, ai.

Ya sake hawa. Ya ce kada kowa ya biyo shi. Muna ƙasa ni da Anti muna jin fuka-fukai suna dukan kwano. Bai tafi da wuƙa ba. An fi awa ɗaya. Da ya sauko hannuwansa duk yakushi da gashi, rigarsa ta jiƙe, yana tari har yana riƙe ƙarfen bene. Anti ta fashe da kuka. Ya ce mata a ba maƙwabta masu sauran rai su yanka, sauran a binne.

Bai kalle ni ba.

Litinin

Ya yarda a ɗauki hoton ranar Laraba. Ta bakin Anti ya aiko.

Talata, 4:30 na yamma, a babban asibiti

Da safe na tarar da jakata a buɗe, sallaya a ƙasa. Babur ba ya nan. Na fita ko takalmi ban ɗaura daidai ba.

Na iske Yaya a bakin get ɗin asibitinmu, tsaye a kan bencin mai gadi, takardar a hannunsa, sun kewaye shi. Na ji ƙarshen maganar. "Ba kamfani ba ne ya sayi kowa. Da numfashina ake auna ku, ni kuma na san ba ni da lafiya na ɓoye. Ni ne. Ga sunayen waɗanda za su je asibiti yau, ba gobe ba." Ko sunana bai ambata ba.

Ya fara karantawa. Suna ɗaya, ya ja iska. Suna ɗaya, ya ja iska. A na tara muryar ta ƙare. Wanda ya karya wa hannu ne ya fara shure bencin.

Na yi ihu. Na ce ni ce, ni ce mai na'urar, ni na zaɓe shi, ni na danna! Ba wanda ya juyo. Na kutsa, wani ya yi jifa da ni, na sake kutsawa. Yana ƙasa bai ko kare kansa ba, Yaya da ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Dogo yana tsalle yana sauka a kan ƙirjinsa da takalmin aiki. Na faɗa a kansa na rufe shi, takalmin ya sauka a hannuna, yatsu biyu sun tafi.

Wani dattijo a cikinsu ya tsinci takardar. Ya ci gaba daga na goma, da ƙarfi, ba ya sauri. Duk wanda ya ji sunansa sai ƙafarsa ta tsaya. Haka dukan ya riƙa raguwa, suna bayan suna, har ya zama babu abin da ake ji sai muryar dattijon da abin da yake fita daga ƙirjin Yaya.

Su suka ɗauko shi a motar ɗayansu.

Laraba, 11:00 na safe

An ɗauki hoton ranar Laraba, kamar yadda ya yi alkawari.

Likitar nan ta ɗaga shi a fitila. Haƙarƙari biyar sun karye. Ta ce wannan ba ya kashe mai ƙarfi irinsa, in da akwai huhun da zai jira su warke. Ta nuna mini ƙasa, duk ya yi fari kamar an shafa alli. Ta ce, "Da ma ko wata uku baya aka kawo shi. Babu wanda ya taɓa duba shi ne a gidanku?"

Na ce babu.

Juma'a, 3:40 na rana

Ya farka. Ya ja takunkumin oksijin gefe, nas ta mayar, ya sake ja.

"Auta. An duba su?"

"An fara, Yaya. Sha ɗaya. An kwantar da huɗu, sauran suna jiran gado."

"Ki tsaya a kansu. Ke kin iya masifa."

Na ce ya yafe mini. Na faɗa sau uku, ina kuka kamar yarinya, a gaban mutane. Ya ɗaga gira ɗaya. Ya ce, "Ke kika ce in yi kiwon tantabaru?" Ya so ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana.

Na rubuta wa kwamiti layin da na tsallake, da hannun hagu. Na sa sunana ni kaɗai.

Asabar

Ba ya magana. Anti tana riƙe da ƙafarsa.

Lahadi, 5:00 na yamma

Ya cika ƙarfe takwas da kwata na safe. Aka yi sallah ƙarfe biyu.

Mutanen masana'anta sun zo, sun cika layinmu har bakin titi. Ba wanda ya gayyace su, ba wanda ya kore su. Da aka fito da shi su suka sa kafaɗa, 'yan'uwanmu suka matsa musu. Na tsaya a ƙofa. Ban san ko in gode ba, ko in ɗauki dutse.

Dogo ne a gaba ta dama. Sau biyu makarar ta karkata kafin su kai kwana, don ya tsaya tari, ya ƙi kuma bari a karɓe shi. Shi ne na goma sha bakwai a takardar. Kwana huɗu yana jiran gado. Ɗazu nas ta kira ni ta ce an samu ɗaya, in gaya masa ya zo gobe da safe. Na tambaye ta wanne, duk da na sani.

Na aika masa.